Shawara: Na iso taron masu bishara a Kenya, barci ya ƙi zuwa, baki ya ƙi buɗuwa

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni mai bishara ne, ina aiki a wani ƙauye a arewa, ina da mata da yara uku. Ofishinmu na mishan ya zaɓe ni in wakilce mu a taron hutu da addu'a na masu aikin bishara da ake yi a Limuru, kusa da Nairobi, a wannan wata na Yuli. Ban taɓa hawa jirgin sama ba sai wannan karon. Masu shirya taron su suka biya komai.

Tun da na sauka ban dawo daidai ba. Ga sanyi, ga ciwon kai, barci ba ya zuwa. Na ga farashin ɗakin da aka sauke ni, kuɗin kwana uku ya fi abin da ake ba ni a wata. Ina kwance a kan katifa mai laushi, maman yara tana can da gona a tsakiyar damina, a garin da bara 'yan bindiga suka shiga suka tafi da mutane, har da biyu daga cikin 'yan ikkilisiyarmu. In na ɗauki cokali sai in ji kamar sata nake yi.

An raba mu rukuni-rukuni, kowa yana faɗin abin da ke damunsa, wasu har da hawaye. In an zo kaina sai in ce mun gode wa Allah, aiki yana tafiya. Turancina ba ya gudu kamar nasu.

Ga babbar matsalar. Kafin in taso dattawa sun zauna da ni, sun ce Allah ne ya buɗe ƙofa, kada in dawo hannu wofi: akwai rufin majami'a, akwai babur, akwai rijiya. 'Yan'uwa kowa ya faɗi tsarabarsa. Wani ɗan'uwana ma ya ce in na ga hanya in wuce gaba kawai. Ina tunanin ranar rufe taro in roƙi a ba ni minti biyar in kai kukanmu gaban kowa. Ko in riƙa bin Turawan ɗaya bayan ɗaya a wurin cin abinci? Saura kwana shida. Ki taimake ni da shawara.

Mai bishara, daga Limuru

Malam, ɗana, sannu da hanya, sannu da sanyi. Na ga lokaci ya ƙure, shi ya sa na sa wasiƙarka gaba da sauran.

Bari mu fara da jiki, domin wani sashe na abin da kake ɗauka ciwon zuciya ne, tudu ne kawai ya jawo shi. Limuru tana kan tsauni, sama da mita 2,000 daga bakin teku. Jos da muke yi wa kirari da sanyi ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba, Kano kuwa ko 500 ba ta cika ba. Iskar da kake shaƙa a can ba ta ƙosar da huhu kamar ta gida, shi ya sa kai yake sarawa, kana taka 'yan matakala kana haki, barci yana yankewa tsakar dare. Cikin 'yan kwanaki jiki yakan saba. Ka yawaita shan ruwa ko ba ka jin ƙishi. Ka rage shayi daga la'asar. Na san mutanen Kenya ba sa rabuwa da shayinsu mai madara, kuma ƙin karɓa yana da nauyi ga baƙo, amma ganyen shayi yana korar barci. Yuli shi ne tsakiyar sanyinsu, don haka ka je wurin masu masauki ka ce a ƙara maka bargo, ba wanda zai yi maka dariya. Agogonsu kuma yana gaba da namu da awa biyu. In an kira karin kumallo ƙarfe bakwai, jikinka biyar na asuba yake ji. In an kashe fitila ƙarfe goma, a wurinsa takwas ce ta yi, lokacin da kuke tsakar gida ana hira. In zazzaɓi ya taso kada ka ɗora wa sanyi, ka gaya musu daga ƙasar sauro ka fito, a gwada jininka.

Sai maganar cokalin da kake gani kamar na sata. Wannan nauyin da kake ji ya nuna mini kai makiyayi ne, ba ɗan ƙwadago ba, kuma na yaba. Amma zo mu yi lissafi. Kuɗin ɗakin nan an riga an biya. In ka ture farantin, ba za a ƙunsa a kai wa maman yara ba. In ka kwana a zaune, ba za a rage ko kwabo a tura ƙauye ba. Abin da zai faru kawai shi ne ka koma da gajiyar da ka zo da ita, ka ƙara da ta hanya. Waɗanda suka ba da kuɗin nan sun san akwai majami'u marasa rufi, sun sani sarai, amma suka ce nasu baikon a kashe shi wajen hutar da mutumin da ke tsayawa ƙarƙashin rufin. Ba kai ka roƙa ba, ba kuma kai za ka canja musu niyya ba.

Ka buɗe 1 Sarakuna sura 19 yau da dare ka karanta a hankali. Iliya ya gudu daga Yezebel, ya zube a gindin itace yana roƙon mutuwa. Ka duba da me Allah ya fara. Bai yi masa wa'azi ba, bai tsawata masa ba. Barci, sai mala'ika ya tashe shi ya ce ya ci, ya sake barci, aka sake tashe shi ya ci. Sai da ya isa Horeb aka tambaye shi me yake yi a nan, sai da ya amayar da abin da ke cikinsa aka ce masa ya koma bakin aiki. Tsarin ke nan, barci da abinci, sai magana, sai komawa. Kai kana so ka tsallake biyun farko. A Markus 6:31 ma, sa'ad da Yesu ya ce wa manzanni su keɓe su ɗan huta, ba don buƙata ta ƙare ba ne. An ce jama'a suna ta kai da komo har ba su da sukunin cin abinci.

Turawan mishan ba su zo da wannan hikimar ba, kaburbura ne suka koya musu. A 1893 samari uku suka sauka Legas da nufin shigowa ƙasarmu ta arewa, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare cuta ta kashe Gowans a Girku, ta kashe Kent a Bida. Waɗanda suka biyo bayansu sun gane cewa jikin ɗan adam yana da iyaka, suka gina gidan hutu a Miyango kusa da Jos, suka mai da hutu ƙa'ida, ba alfarma ba. Da aikin ya dawo hannunmu mun karɓi majami'u da makarantu da asibitoci, amma wannan ƙa'idar ba mu riƙe ta da kyau ba. Mai bisharanmu sai ya faɗi a gona ko a kan bagade kafin a tuna shi ma mutum ne. Wannan laifinmu ne mu ikkilisiya, kada ka ɗauko shi ka ɗora wa kanka a Limuru.

Game da maman yara, tunani ba zai tsare ta ba, amma waya tana iya yin wani abu. Ku sa lokaci guda kullum, ko da minti biyar ne, ka kira ta, ka daina leƙa waya daga safe har dare. Ka kira dattijo ɗaya da ka yarda da shi da shugabar Zumuntar Mata, ka ce su riƙa leƙa gidan, matasa kuma su ba ta rana guda a gona. In labarin tsaro ya canja, ku riga ku shirya inda za ta kai yaran su kwana. Bari in faɗi nawa a nan, ko da ba ka tambaya ba: ban taɓa gane dalilin da ake aika miji hutu a bar matar da suka sha wuyar tare ba. Ita ma ta ji harbin bindigar bara. In an ba ku takardar faɗin ra'ayi a ƙarshen taro, ka rubuta wannan. In ka koma kuma, ka ɗauki yaran da gonar na 'yan kwanaki, ta je gidansu ta miƙe ƙafa.

Yanzu ga inda nake so in daɗe, wato bakin nan da ya ƙi buɗuwa. "Mun gode wa Allah, aiki yana tafiya" amsa ce ta gaisuwa a bakin hanya. Haka aka rene mu, namiji ba ya kuka gaban mutane, malami ba ya nuna gazawa gaban tumaki. A ƙauye ba ka da wanda za ka gaya wa. Dattawa kai suke kallo, matarka ba ka so ka ƙara mata tsoro, ofis kuwa rahoto yake jira na yawan waɗanda aka yi wa baftisma. To ga shi an kawo ka wurin da babu ɗan ikkilisiyarka ko ɗaya, babu mai rage maka albashi, babu mai kai labari kasuwa. Wannan shi ne abu mafi tsada da aka saya maka, ya fi katifar da tikitin jirgin. In ka bar shi ya wuce, ka yi asarar taron.

Kada hawayensu ya ruɗe ka ka ɗauka rauni ne. Waɗanda suka fito daga gabashin Afirka suna da tarihi a kan haka. Babbar farkawa da ta tashi a Gahini ta ƙasar Ruwanda cikin shekarun 1930, ta bazu zuwa Yuganda da Kenya da Tanzaniya, ta koya wa masu bi su zauna rukuni-rukuni kowa ya faɗi zunubinsa da damuwarsa a fili, bisa ga abin da 1 Yohanna 1:7 ta ce game da tafiya cikin haske. Jikokin waɗannan mutanen ne kake zaune da su. Kuma kada ka zaci ba za su gane labarinka ba. A watan Afrilu 2015 'yan bindiga sun shiga jami'ar Garissa suka kashe mutum 148, yawancinsu ɗalibai. Sun san abin da ake nufi da ƙarar harbi da asuba.

Bulus ma bai ɓoye ba. A 2 Korantiyawa 1:8 ya rubuta wa ikkilisiya cewa wahalar da suka sha a Asiya ta fi ƙarfinsu, har suka fid da rai. Manzo ne ya faɗi haka, a rubuce. In rukunin ya yi maka yawa, ka nemi mutum ɗaya. Irin waɗannan tarurrukan sukan tanadi masu ba da shawara, ka tambayi shugaban rukuninku a asirce. Ka gaya masa gaskiya: ko rashin barcin nan tun bara ne ba tun Limuru ba, ko kana zabura in ka ji babura da dare, ko kana saurin fushi da yara, ko addu'a ta bushe maka, ko akwai tambayar da kake yi wa Allah game da mutum biyun nan da ba ka iya faɗa a kan bagade. Ban san amsarka ba, amma yadda ka ambaci maganar a layi ɗaya ka wuce da sauri ya sa nake zargi. Waɗannan alamu ne da aka sani ga wanda ya ga tashin hankali, ba ƙarancin bangaskiya ba ne, kuma akwai hanyar taimako.

Turanci kada ya dame ka. Ka zauna da dare ka rubuta abin da kake so ka faɗa da Hausa, ka mai da shi gajerun jimloli, ka karanta daga takarda in ya kama. In za ka yi addu'a ka yi da Hausa, za su ce amin. Da yawa a ɗakin ba da Turanci aka haife su ba. Ka kuma tuna Byang Kato, ɗan Kwoi, ɗan ikkilisiyar ECWA, wanda a 1973 aka naɗa babban sakataren ƙungiyar ikkilisiyoyin bishara ta Afirka da Madagaska, ofishinsa a Nairobin nan da ka sauka. Bai kai shekara arba'in ba ya rasu a 1975, amma har yau ana karanta shi a makarantun tauhidi. Ba kai ne ɗan arewa na farko da ya zauna a irin wannan teburin ba.

Abu ɗaya ka kiyaye: ka faɗi ciwon, ka ɓoye suna. Kada ka ambaci sunan ƙauyen ko na sababbin masu bi a taron jama'a, kada ka ba da hotunansu. Mutumin kirki zai iya sa su a Facebook don neman addu'a, ya jawo muku abin da shi ba zai kwana da shi ba.

To, minti biyar ɗin ranar rufewa. A'a, ɗana. Bin mutane a wurin cin abinci kuwa ya fi muni. Kusan kowa a ɗakin nan yana da rufinsa da baburinsa da rijiyarsa. In ka tashi, ka tilasta wa sauran su zaɓi tsakanin su ma su tashi ko su koma gida a ce ba su yi ƙoƙari ba, taron hutu ya koma gidauniya. Turawan da kake gani kuma yawancinsu ba masu kuɗi ba ne. A ƙungiyoyin mishan da dama kowane ma'aikaci shi yake bin ikkilisiyoyi da abokai yana tara alkawarin abin da zai ci, su ma da roƙon suke rayuwa, kuma gajiyar roƙon tana cikin abin da suka zo hutawa a kai. Wanda ka tare shi da takardar buƙata tun bai san sunan 'ya'yanka ba, zai yi maka murmushi, gobe ya canja tebur. Mafi ciwo, in ka riga ka roƙi kuɗi, duk abin da ka faɗa game da harin bara za a saurare shi da kunnen cewa share fage ne.

Ba cewa nake ka yi ƙarya ba. In an tambaye ka yaya aiki, ka faɗi yadda yake, har da tafiyar ƙafa tsakanin ƙauyuka da ruwan da ke zuba a kan masu sujada. In akwai lokacin gabatar da buƙatun addu'a, ka sa su a ciki a matsayin addu'a. In wani ya ce yana so ya taimaka, ka gode masa, ka haɗa shi da ofishinku na mishan, kuɗi su bi ta can. In ya damƙa maka a hannu, ka tambaye shi ko na iyalinka ne ko na aiki, ka rubuta, ka sanar da ofis. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ka duba 2 Korantiyawa 8:18-21, don kada a sami abin zargi. Masu bishara nawa dala ɗari ta ɓata wa suna a ƙauye, aka yi ta cewa dubu ce ya ɓoye. Ka nemi abokai biyu ko uku na gaske, ku karɓi lambar juna, ka riƙa aika musu labari bayan wata biyu ko uku. Taimakon da ke ɗorewa ta nan yake zuwa, in zai zo, kuma yakan ɗauki shekara.

Maganar ɗan'uwanka ba ta buƙatar dogon bayani. Hatimin da aka buga a fasfonka yana da iyakar kwanaki, kuma daga Kenya babu ƙofar baya zuwa Ingila ko Amurka. In ka maƙale, kai da matarka kun shiga uku, ka kuma rufe hanya ga mai bishara na gaba da za a so a aika.

Tsaraba kuwa kana zaune a tsakiyarta. A Limuru aka fara dasa shayi a Kenya, a 1903, gonakin da kake hange ta taga su ne. Ka roƙi wani ma'aikacin masauki ya raka ka babban kanti, ba shagon masu yawon buɗe ido ba, ka sayi ƙananan fakitin ganyen shayi. Ba su da tsada, ba su da nauyi, kowane gida zai samu. Maman yara ka ware mata zane nata daban. Ka tafi da jakarka, don tun 2017 aka hana ledar zuba kaya a ƙasar. In za ka ƙetare titi ka fara duban dama, motocinsu hannun hagu suke bi. Fasfo da katin rigakafin cutar shawara su zauna wuri guda, ka duba ranar tikitinka da nauyin kayan da aka yarda maka tun yanzu.

Saura dattawa. Ba mugunta suke yi ba, a ganinsu duk wanda ya hau jirgi ya je inda kuɗi yake. Kada ka bari sai ka sauka a tasha suna kallon jakarka. Ka kira sakataren ofishinku gobe da safe, ka roƙe shi shi da kansa ya sanar da su cewa taron na hutu da addu'a ne, ba a raba kuɗi, kuma duk taimakon da zai biyo baya ta ofis zai bi. Daga bakinsa za su fi karɓa. Kai kuma ka aika wa shugaban dattawa saƙo kaɗan: ka isa lafiya, kana gabatar da ikkilisiya cikin addu'a, za ka ba da cikakken rahoto ranar Lahadi ta farko bayan ka dawo. A ranar ka gaya musu abin da ka koya, da waɗanda suka yi alkawarin yi muku addu'a, sa'an nan ka sa maganar rufin a gabansu, a ga abin da ikkilisiya za ta iya tarawa da kaka in an girbe masara. Za a yi gunaguni mako ɗaya ko biyu, ka bar su su yi. Ka rubuto mini bayan ka ga mai ba da shawarar, ina so in ji yadda kuka yi.

Mama